Tsofaffin Majinyata da Ƙwayoyin Bakteriyar da Suke Ɗauke da Su: Wa Za a Auna, kuma Don Me? Nazari daga Vittin, Tamale

Tsakure

Wannan takarda ta dubi tsofaffin da ake kwantarwa a asibitocin Tamale, musamman masu fitowa daga Vittin da ƙauyukan da ke bayanta, da ƙwayoyin bakteriyar da suke ɗauke da su a hanci da fata da hanji da mafitsara ba tare da alamar ciwo ba. Ta bi binciken da aka yi a Ghana da na Turai da Amurka, ta auna su da halin da ɗakunan jinyarmu suke ciki. Matsayarta ita ce, kada a ɗauki samfur daga jikin tsoho sai an san abin da za a sauya a jinyarsa idan sakamako ya fito. A bisa wannan ma'auni, awon hanci kafin tiyatar ƙashi ya cancanta, awon kowa da kowa a ƙofar asibiti bai cancanta ba, awon fitsarin tsohon da ba ya kukan fitsari kuwa cutarwa ce. Takardar ta kuma nemi a sa mai jinya cikin lissafin kariya.

1. Gabatarwa



Ƙidayar jama'ar Ghana ta 2021 ta samu mutum miliyan 30.8, kusan miliyan 2 daga cikinsu sun kai shekara 60 ko sun haura. A 1960 tsofaffin ba su wuce dubu 213 da 'yan kai ba, wato sun ninka kusan sau goma. Asibitocinmu an tsara su ne da tunanin mai ciki da ƙaramin yaro, kuma da hujja, don a nan mutuwa ta fi yawa. Amma duk wanda ya leƙa ɗakin maza ko na mata a yau ya san su wa ke kwance: mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, dattijon da fitsari ya ƙi fita, tsohuwar da ta faɗi a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye.

Rahoton da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma babu inda abin ya fi tsanani kamar Afirka ta Yamma, mutum 27.3 cikin kowane dubu 100. Rahoton da ya biyo baya a 2024 shi ne ya fi taɓa batunmu. Tsakanin 1990 da 2021 irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5, amma ta ƙaru da fiye da kashi 80 cikin ɗari a tsakanin 'yan shekara 70 zuwa sama. Nauyin ya fara komawa kan iyayenmu da kakanninmu. Ghana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta a 2018, tana kuma da manufar kula da tsofaffi tun 2010, sai dai takardun biyu ba su cika haɗuwa a gefen gadon majinyaci ba.

Na zaɓi Vittin ne don yadda take zaune. Unguwa ce a kudu maso gabashin Tamale, a kan hanyar da ta nufi Salaga, gabanta birni, bayanta gonaki. Tana da cibiyar lafiyarta, kuma Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, mai gadaje kimanin 800, bai yi mata nisa ba. Keken nan mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo kan kai mutum cikin ɗan lokaci. Wannan kusanci alheri ne, amma yana nufin tsohon Vittin kan yi ta kai-kawo tsakanin gida da kemis da cibiyar lafiya da babban asibiti, inda zai kwanta kusa da wanda aka turo daga Yendi ko Walewale ko Bolgatanga. Duk inda ya tsaya yakan ajiye wasu ƙwayoyin, ya kwashi wasu.

2. Ɗauka da kamuwa

Mutanen arewacin Ghana ba baƙin wannan magana ba ne, don sanƙarau ya koya mana ita. Tun 1998 masu bincike a Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo suka riƙa ɗaukar samfur daga maƙogwaron mutanen Kassena-Nankana sau biyu a shekara, suka nuna cewa ƙwayar sanƙarau takan zauna a maƙogwaron masu lafiya da yawa, kaɗan ne kawai take kwantarwa. Haka abin yake ga bakteriyar asibiti. Ƙwayar da ke hanci kamar baƙo ce da ya zauna a zaure, ba ya cutar da kowa muddin ƙofar cikin gida na rufe. Ranar da aka tsaga fata, ko aka sa allurar ƙarin ruwa, ko aka zura robar fitsari, ranar aka buɗe masa ƙofa.

Wadda aka fi nazari ita ce Staphylococcus aureus, mai haddasa maruru da ruɓewar rauni, wadda kan shiga jini da ƙashi da zuciya. Kimanin kashi 20 cikin ɗari na mutane suna ɗauke da ita a hanci a kowane lokaci, kashi 30 tana zuwa tana tafiya, sauran ba ta cika zama a jikinsu ba. A 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton nau'inta da ya bijire wa metisilin a Ingila, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da MRSA. A 2001 von Eiff da abokansa a Jamus suka gwada ƙwayar da ke jinin majinyata da wadda ke hancinsu, suka samu iri ɗaya ce a fiye da kashi 80 cikin ɗari. Wato mafi yawan lokaci da abinsa mutum ya zo.

Ta biyu tana hanji: Escherichia coli da Klebsiella, waɗanda wasunsu suka koyi fitar da sinadarin da ke narkar da seftiriyazon da danginsa, ana kiransu masu ESBL. Wannan ta fi tayar mini da hankali, saboda seftiriyazon ita ce allurar da muke ruga wa idan tsoho ya zo a galabaice. Ƙwayar hanci ana iya share ta na ɗan lokaci, ta hanji kuwa babu wata tabbatacciyar hanyar korar ta.

Tsoho ya fi kowa zama masaukinsu. Fatarsa ta yi laushi tana saurin tsagewa, garkuwar jikinsa ta ja baya, ya sha kwanciya asibiti, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta iri-iri, na likita da na kemis da wanda ɗa ya aiko daga Kumasi. Kuma idan ciwon ya kama shi da gaske, sau da yawa ba ya zuwa da zazzaɓi. Sai dai a ga ya daina cin abinci, ya yi shiru, yana ta barci, 'yan gida su ce ai tsufa ne. Saboda haka kuskure biyu ke jiran likita a kan tsoho: ya ɗauki ɗauka a matsayin ciwo ya ba da maganin da ba a buƙata, ko ya ɗauki ciwo a matsayin tsufa ya makara.

3. Abin da aka samu a Ghana

A 2013 Beverly Egyir ta Cibiyar Noguchi da abokan aikinta suka buga sakamakon awon hancin majinyata 452 da ma'aikata 180 a Asibitin Koyarwa na Korle Bu. Kashi 13.9 na majinyatan da kashi 23.3 na ma'aikatan suna ɗauke da Staphylococcus aureus, MRSA kuwa kashi 1.3 ne na majinyatan. A wani bincikensu na 2014, kan ƙwayoyi 308 da aka tattaro daga asibitoci shida na kudu da tsakiya da arewacin ƙasar, MRSA ba ta wuce kashi 3 ba, amma kashi 60 suna da dafin nan mai suna PVL da ke sa maruru ya yi zurfi, wani lokaci ya cinye huhu. A Turai wannan dafi ba shi da yawa haka. A shekarar 2013 ɗin dai Noah Obeng-Nkrumah da abokansa suka samu cewa kusan rabin ƙwayoyi 300 na dangin hanji da suka auna a Korle Bu masu ESBL ne. A haɗa waɗannan a gani: a wancan lokaci matsalarmu ta fi karkata ga hanji da fitsari fiye da hanci, alhali tsarin tantancewar da muke karantawa a littattafai an gina shi ne a kan hanci.

A nan Tamale, Courage Saba na Jami'ar Nazarin Ci Gaba da abokansa sun shafo samfur 120 daga mariƙan ƙofofi da ƙarafan matakala da sauran wuraren da hannu ke taɓawa a Asibitin Koyarwa, da Asibitin Tamale ta Tsakiya da na Tamale ta Yamma. Rahotonsu na 2017 ya nuna Staphylococcus aureus a samfur 47, wato kashi 39, takwas daga ciki suna da alamun MRSA. Sai binciken Appiah-Korang Labi da abokansa a asibitoci goma na ƙasar a 2016, wanda ya duba majinyata 2,107 ya samu kashi 8.2 suna fama da ciwon da a asibiti suka same shi, ruɓewar wurin tiyata a kan gaba.

Yawancin awon ɗauka da aka yi a ƙasar nan ya fi mayar da hankali ga yara, da ma'aikatan lafiya, da masu sikila, da masu ƙanjamau. Alƙaluman tsofaffi sukan narke cikin na “manya”, a haɗa ɗan shekara 25 da ɗan shekara 80 a layi ɗaya. Wannan ya kamata a daina tun daga rajistar ɗakin gwaji.

4. Waɗanda suka riga mu gwadawa

Holan ce ake kafa misali da ita. Tun shekarun 1980 take auna duk wanda ake zargi, ta killace shi a ɗaki shi kaɗai har sakamako ya fito, kuma MRSA ba ta samu gindin zama a can ba. Amma ginshiƙin tsarin ɗakin killacewa ne, ba tsinken audugar da ake ɗaukar samfur da shi ba. Ingila ta wajabta auna masu zuwa tiyata a 2009, ta faɗaɗa zuwa kusan kowa a 2010, sannan a 2014 ta ja da baya ta koma auna masu haɗari kawai, bayan lissafi ya nuna kuɗin da ake kashewa ya fi amfanin da ake samu. A Janeba, Stephan Harbarth ya bi majinyatan tiyata sama da dubu 21, ya ba da rahoto a 2008 cewa auna kowa a ranar kwanciya bai rage kamuwa da MRSA ba.

Inda aka ga amfani a fili shi ne inda aiki ya biyo bayan awo, ko ma aka yi aikin ba tare da awo ba. A 2010 Bode da abokansa a Holan suka gano masu ɗauke da ƙwayar a hanci, suka shafa wa wasu man mufirosin suka yi musu wanka da kulorhezidin na kwana biyar. Kamuwa ta tsaya a kashi 3.4, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 7.7. A 2013 Susan Huang ta gwada hanyoyi uku a ɗakunan kulawa ta musamman 74 na asibitoci 43 a Amurka. Wadda ta yi nasara ita ce a yi wa kowa wankan da shafin ba tare da an auna shi ba: shigar ƙwayoyi cikin jini ta ragu da kashi 44. A 2023 aka maimaita irin wannan a gidajen kula da tsofaffi 28 a Kalifoniya, da kulorhezidin da ayodin a hanci, aka samu raguwar masu komawa asibiti saboda ciwon ƙwayoyin cuta.

Wilson da Jungner sun faɗa tun 1968, a ƙa'idojin da suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa ba a tantance abin da ba a tanadi yadda za a yi da shi ba. Mu dubi namu halin da wannan ido. An ɗauki tsinken auduga an juya a ƙofar hancin Baba, dama da hagu, an kai ɗakin gwaji, an shafa a faranti, an sa a na'urar ɗumi. Sai gobe ƙwayar ta tsiro, jibi a ɗora mata maganin sefozitin a ga ko za ta bijire. Kafin takarda ta dawo kwana biyu ko uku sun wuce, Baba na kwance a buɗaɗɗen ɗaki, tsakaninsa da maƙwabcinsa taku biyu, ma'aikaciyar jinya ɗaya ke zagaya su duka. Sakamako ya ce yana ɗauke da MRSA. Sai me? Idan babu ɗakin da za a kai shi, babu mufirosin a kantin magani, famfo kuma ba ruwa, to an karɓi kuɗin iyalinsa an ba su tashin hankali.

Maganar kuɗin ma a tsaya a kanta. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta yafe wa ɗan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, haka ma ɗan fansho na SSNIT. Manomi ko 'yar kasuwa mai shekara 60 zuwa 69 ba su cikin wannan rangwame, kuma su ne suka fi yawa cikin tsofaffin wuri irin Vittin. Kowane sidi da aka kashe a awon da ba zai sauya komai ba, an cire shi ne daga kuɗin awon jinin mai zazzaɓi, wanda shi ne ke ceton rai.

5. Tantancewar da muke yi ba mu sani ba

Ana iya cewa ai mu ba ma tantance tsofaffi a Tamale. Muna yi, kullum, da kwalbar fitsari.

Ga yadda abin ke faruwa, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin karɓar marasa lafiya ya gani. Watan Maris ne ko Afrilu, zafi ya kai digiri 40. An kawo tsohuwa, 'yarta na riƙe da ita. “Likita, Hajiya tun shekaranjiya ba ta gane mu sosai, fitsarinta kuma ya yi ja, yana wari.” An tambayi Hajiya ko tana jin zafi in tana fitsari, ta girgiza kai. Jikinta ba zafi, mararta ba ciwo. Duk da haka aka tsoma tsinken awo a fitsari, ya sauya launi, aka rubuta ciwon mafitsara, aka ba ta sifurofulozasin na mako guda. Babu wanda ya ja fatar bayan hannunta ya ga ta tsaya a tattare, babu wanda ya tambayi kofi nawa na ruwa ta sha jiya, ko yaushe rabonta da bayan gida, ko tana shan maganin suga alhali ta daina cin abinci.

Fitsarin tsofaffi da yawa yana ɗauke da bakteriya ba tare da wani ciwo ba. A matan da suka haura shekara 70 da ke zaune a gida, ana samun haka a kashi 10 zuwa 16. A gidajen kula da tsofaffi yakan kai kashi 25 zuwa 50 na mata, da 15 zuwa 40 na maza. Lindsay Nicolle ta Kanada ta gwada ba su magani tun shekarun 1980, a maza da mata, ba ta ga ya rage ciwo ko mutuwa ba, sai illar magani da ƙwayoyi masu taurin kai. Ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Amurka ta 2019 ta taƙaita wannan awo ga rukuni biyu: mata masu ciki, da wanda za a yi wa aikin da zai ji wa hanyar fitsari rauni. Game da tsohon da ya ruɗe, ba ya kukan fitsari, ba zazzaɓi, jininsa bai faɗi ba, ta ce a nemi wani dalilin, a sa masa ido.

Ba ina cewa a ƙyale tsohon da ke karkarwa, numfashinsa na sama-sama, jininsa ya yi ƙasa ba. Wannan a ɗebi jininsa da fitsarinsa a kai gwaji, a fara magani nan take. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da tsinken awo alƙali. Illar biyu ce. Sifurofulozasin kanta tana ƙara wa tsoho ruɗewa, tana rikita sukarin jini, tana raunana jijiyar agara, tana kashe ƙwayoyin kirki na hanji ta bar wa masu ESBL fili. Sannan da zarar an rubuta ciwon mafitsara, bincike ya tsaya. Ƙarancin ruwa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko ƙaramar shanyewar jiki da ke ɓoye, sai su ci gaba da aikinsu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Masu robar fitsari nasu ya fi haka. Kowace rana da roba ta kwana a jiki, yiwuwar bakteriya su shiga tana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7, bayan wata guda kusan kowa na ɗauke da su. Muna da dattawa da yawa masu kumburin furostet da ke jiran tiyata wata da watanni, jakar fitsari na cikin leda a ƙarƙashin babbar riga, da ita suke zuwa masallaci da kasuwar Aboabo. Duk ranar da aka auna fitsarinsu za a samu ƙwaya, balle in daga jakar aka ɗiba. Maganinsu a rage jiran tiyata, a koya musu riƙe jakar ƙasa da mara, a kuma tambaya kowace safiya a zagayen likitoci: robar nan har yanzu ana buƙatar ta?

6. Mai jinya

Littattafan kariya daga cututtukan asibiti an rubuta su ne a ƙasashen da ma'aikaci ke yi wa majinyaci komai. A wurinmu 'ya ce, ko matar ɗa, ko jika, ke juya tsoho, ta share shi, ta zubar da fo, ta wanke zane, ta ba shi koko a baki, ta kwana a tabarma. Hannunta ya fi na kowa taɓa shi. Idan maƙwabcin gado ba shi da kowa a kusa, ita za ta taimaka masa, don haka aka tarbiyyantar da ita, kuma abin yabo ne. Amma da bokiti ɗaya da tsumma ɗaya take yi. Ranar sallama kuma ita za ta koma Vittin ta dafa wa gida abinci, ta ɗauki jariri.

Ban ga hikimar korar masu jinya ko hana dubiya ba. Asibitin ba zai yi aiki ba in babu su, kuma tsohon da aka raba da nasa yakan karaya. Abin yi shi ne a ɗauke su a matsayin abokan aiki. Minti goma a ranar kwanciya, da Dagbanli ko Hausa, a nuna mata a aikace: sabulu bayan zubar da fo, sabulu kafin abinci, kada a taɓa wurin allurar ƙarin ruwa, tsumman Baba na Baba ne. Jama'ar da ke alwala sau biyar a rana ba sa buƙatar dogon wa'azi kan wanke hannu, sabulun ne kawai za a ƙara a kusa da buta.

Ruwa kuwa kowa ya san halin Tamale. Abin da matatar Dalun ke turowa bai kai buƙatar birnin ba, unguwanni kan yi kwanaki famfo a bushe, musamman da rani. Shi ya sa man goge hannu mai sinadarin alkohol ya fi muhimmanci a nan fiye da inda aka ƙirƙiro shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da yadda ake haɗa shi tun 2009, da etanol da gilisarin da haidurojin ferozaid, kuma sashen magunguna na asibiti zai iya haɗawa. Wasu dattawa kan yi ƙyanƙyami in sun ji sunan alkohol. A gaya musu majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002, ta halatta amfani da shi wajen tsabtace fata da rauni, kuma asibitocin Saudiyya da shi suke aiki. In limamin unguwa ya faɗi wannan, ya fi takardar da aka manna a bango.

Akwai kuma abin da ya sa nake tsoron tantancewa barkatai a yankinmu musamman. A arewacin Ghana har yau akwai matsugunan tsofaffin matan da aka kora bisa zargin maita, a Gambaga da Gnani da wasu wurare. A Yulin 2020 aka kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90 a Kafaba, kusa da Salaga, a kan irin wannan zargi. A irin wannan ƙasa, a ce wa dangi tsohuwarsu “tana ɗauke da abin da ke kama wasu ita bai kama ta ba” magana ce mai haɗari. In jikanta ya yi rashin lafiya bayan ta dawo gida, wa za a kalla? Duk wanda zai yi awon ɗauka a nan dole ya tanadi kalmomin da zai faɗi sakamako da su, da wanda zai faɗa wa, kafin ya buɗe tsinken farko. Kada a rataya alama a kan gado. Awon hanji kuma, in ana iya karɓar samfurin bayan gida, kada a tilasta wa dattijo tsinke a dubura. In ya zama dole, namiji ga namiji, mace ga mace, bayan an nemi izininsa shi kansa, ba na ɗansa kawai ba.

7. Wa za a auna

A ganina mutum uku ne. Na farko tsohon da za a sa wa ƙarfe a ƙashi ko a yi wa babbar tiyata da aka tsara: a auna hancinsa kwanaki kafin aiki, in an samu a yi shafi da wanka na kwana biyar, kamar yadda ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta tanada ga tiyatar ƙashi da ta ƙirji. In awon ba zai samu ba, wankan kulorhezidin da ayodin a hanci ba su da tsada. Na biyu mai shiga ɗakin kulawa ta musamman ko mai wankin ƙoda, musamman wanda aka turo daga wani asibiti ko ya kwanta a watannin baya. Na uku waɗanda suka haɗa ɗaki da majinyacin da aka samu da ƙwaya mai bijire wa maganin merofenem, don wannan ce maganinta ya kusa ƙarewa, kuma ƙa'idar hukumar ta 2017 ta nemi a bi sawunta. A nan ko babu ɗakin killacewa ana iya tara su a kusurwa ɗaya, a ware musu ma'aikaci da ma'aunin zafi da fo.

Ban da waɗannan akwai awon da ake yi don sani, ba don jinyar mutum ɗaya ba, kuma shi nake roƙon Jami'ar Nazarin Ci Gaba da asibitocin birnin su ɗauka. A ɗebi samfurin hanci da na bayan gida daga 'yan shekara 60 zuwa sama a ranar kwanciya da ranar sallama, a ƙara da na mai jinyarsu, sannan a bi su gida bayan wata uku ta hannun ma'aikatan lafiya na unguwa. A yi da rani a yi da damina. Wannan zai nuna ko da ƙwayar suke zuwa ko a ɗaki suke samun ta, da tsawon zamanta a gida. In ya tabbata yawancin tsofaffin da ke zuwa da ciwon jini daga mafitsara masu ESBL ne, to allurar farko da muke ba su ce za a sauya, kuma a fitar da jadawalin bijirewa na tsofaffi daban, a manna a ɗakin likitoci, a sabunta shi duk shekara.

Abu na ƙarshe ba ya cin kuɗi. Tsoho kan bar babban asibiti, bayan mako biyu zazzaɓi ya kai shi cibiyar lafiya ta Vittin, wanda ya karɓe shi bai san an taɓa samun komai a jikinsa ba, sai ya sake ba shi maganin da ƙwayar ta riga ta bijire wa. A ƙara layi uku a katin sallama: ƙwayar da aka samu da inda aka same ta, magungunan da ba sa kama ta, da ranar da za a cire ko a sauya robar fitsari. A miƙa katin a hannun mai jinya, a karanta mata shi da harshenta kafin su hau yalo-yalo.